Maggie Lena Walker: 'Yar Mai Wankau Da Ta Kafa Banki

A filinmu na tarihin magabata, yau za mu ƙetare teku zuwa Amurka mu duba rayuwar wata baiwar Allah mai suna Maggie Lena Walker, wadda ta rasu a 1934. Ita ce mace baƙar fata ta farko da ta kafa banki a wannan ƙasa ta kuma shugabance shi, a zamanin da matan jiharta ba su da ikon jefa ƙuri'a, baƙar fata kuwa ba ya shiga tarago ɗaya da Bature a jirgin ƙasa. Mun zaɓi tarihinta ne saboda inda jarin bankin ya fito. Ya fito daga kwabban mata masu wankau da 'yan aikin gida, ta hannun wata ƙungiyar taimakon juna irin waɗanda muka saba da su a ikilisiyoyinmu. Rayuwarta tana yi mana tambaya guda: in mata ne ke tara kuɗin, me zai hana a ba su riƙon littafin lissafi da yanke shawarar inda kuɗin za su tafi?

Asalinta da ƙuruciyarta

An haife ta ranar 15 ga Yuli, 1864, a birnin Richmond na jihar Virginia. A lokacin ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Richmond kuma shi ne hedkwatar jihohin kudu da suka ɓalle don kada a hana su riƙe bayi. Sai a 1865 yaƙin ya ƙare aka haramta bauta. Uwarta, Elizabeth Draper, ta ɗanɗana bauta, tana kuma taimaka wa kuku a gidan wata Baturiya mai suna Elizabeth Van Lew, wadda ta ƙi jinin bauta har ta riƙa yi wa sojojin arewa leƙen asiri. Mahaifin Maggie wani ɗan jarida ne haifaffen ƙasar Ailan, Eccles Cuthbert, amma bai auri uwar ba, dokar Virginia ma ta hana aure tsakanin fari da baƙi. Wanda ya riƙe ta shi ne William Mitchell, mijin da uwar ta aura daga baya, wanda ya yi aiki a gidan Van Lew kafin ya zama shugaban masu raba abinci a wani babban otel na birnin.

A watan Fabrairu na 1876 aka tsinci gawar Mitchell a kogin James. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, iyalinsa kuwa suka tsaya a kan cewa kashe shi aka yi. Ko yaya dai, gidan ya faɗa cikin talauci dare ɗaya. Gwauruwar ta koma wankau da guga don ta ciyar da Maggie da ƙanenta Johnnie. Maggie, tana 'yar shekara 11, ita ce mai karɓo kayan wanki daga gidajen Turawa, ita ce kuma mai mayar da su a kwando. A nan ta ga da idonta yadda mace za ta yini tsaye a kan baho da dutsen guga, ta tashi da 'yan kwabban da ba su isa cefane ba, ta kuma ga irin wadatar da ke cikin gidajen da ake kai wa kayan. Wannan abu bai fita daga ranta ba har tsufanta.

Makaranta, ikilisiya da aure

Duk da wahalar, uwar ba ta cire ta daga makaranta ba. A 1878 aka yi mata baftisma a ikilisiyar First African Baptist, babbar majami'ar baƙar fata ta Richmond, kuma ba ta rabu da wannan ikilisiya ba har ranar jana'izarta. Ta gama makarantar horon malamai ta baƙar fata a 1883. 'Yan ajinsu sun bar tarihi a wannan shekara, domin sun ƙi yarda a bambanta bikin sallamarsu da na ɗalibai Turawa, waɗanda ake yi wa nasu a babban zauren wasanni na gari. Ba su sami abin da suka nema ba, aka yi bikin a cikin makaranta, amma an ji muryarsu.

Ta koyar shekara uku, tana kuma koyon lissafin kuɗi a gefe. A watan Satumba na 1886 ta auri Armstead Walker, ɗan kwangilar gini. Ranar auren ita ce ƙarshen aikinta na koyarwa, domin ƙa'idar makarantun birnin ta hana matar aure riƙe alli. Mu lura da wannan da kyau. Ba a same ta da kasawa ba, ba a ce ɗalibanta ba sa ganewa ba. Aure kaɗai ya raba ta da albashi, alhali malami namiji zai yi aure ya ci gaba da aikinsa. Allah ya ba su 'ya'ya maza uku, Russell da Armstead da Melvin, amma na tsakiyan ya rasu yana jariri. Sun kuma riƙi wata yarinya mai suna Polly Anderson, wadda ta zama ginshiƙin gidan.

Ƙungiyar da ta kusa mutuwa

Tun 1881, tana ɗaliba, Maggie ta shiga wata ƙungiya da ake kira Independent Order of St. Luke, wadda ta ɗauki sunan Luka marubucin Bishara. Asalin ƙungiyar daga birnin Baltimore ne, inda wata mace mai suna Mary Prout ta kafa ta a 1867. Aikinta shi ne a tara ɗan abin da ya samu, in ɗan ƙungiya ya kwanta ciwo a duba shi, in ya rasu a yi masa jana'iza ta mutunci a kuma ba iyalinsa wani abu. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun zama dole a wancan zamani, domin kamfanonin inshora na Turawa ko dai su ƙi karɓar baƙar fata, ko su tsawwala masa kuɗi.

Maggie ta fara daga ƙasa, tana ziyarar marasa lafiya da tsofaffi, ta riƙa hawa muƙami bayan muƙami. A 1895 ta kafa reshen yara, inda ake koya musu tsimi da tanadi. A 1899 ƙungiyar ta kai gargara. Mambobi 1,080 suka rage, abin da ke cikin asusu dala 31 da kwabo 61 ne, ga bashin dala 400 a kanta. Namijin da ya daɗe yana riƙe da muƙamin babban sakatare ya sauka, sai aka zaɓi Maggie. An ba mace kujerar ne sa'ad da ta zama abin gudu.

Ta karɓa, ta gyara littattafan lissafi, ta tsaya a kan biyan haƙƙin mamaci ba tare da ja-in-ja ba, ta shiga gari-gari tana kafa rassa. Mutane suka ga cewa in an ba da kuɗi ana ganin inda suka shiga, sai suka riƙa shigowa. Kafin shekarun 1920 su ƙare, ƙungiyar da ta kusa rufewa tana da mambobi wajen 100,000 a jihohi fiye da 20. Hedkwatarta da ke titin St. James a Richmond ta cika da akawuna da masu buga tafireta, galibinsu mata baƙar fata, waɗanda in ba don wannan ba da wankau ko aikin gida ko masana'antar taba ce makomarsu.

Yadda bankin ya tsaya da ƙafarsa

A babban taron ƙungiyar na watan Agusta 1901 ta gabatar da shawara uku: a kafa jarida, a kafa banki, a buɗe kanti. Hujjarta mai sauƙi ce. Kuɗin baƙar fata suna fita daga unguwarsu kowace rana zuwa kantuna da bankunan da ba za su ɗauki 'yarsu aiki ba, ba za su kuma ba su rance ba. In aka tara kuɗin wuri ɗaya aka juya su a tsakanin masu su, za su haifi aikin yi, musamman ga mata. Jaridar, St. Luke Herald, ta fara fita a 1902.

Banki kuwa ba abin wasa ba ne, kuma mutanenta suna da dalilin tsoro. Tsofaffinsu ba su manta da bankin Freedman's ba, wanda aka kafa don 'yantattun bayi a 1865 ya kuma rushe a 1874, dubban talakawa suka yi asarar guminsu. Maggie ta san ƙaramin sani ƙuƙumi ne, don haka kafin ta karɓi kwabon kowa sai da ta riƙa zuwa wani bankin Turawa na birnin tana koyon yadda ake aikin, daga karɓar ajiya har zuwa rufe lissafin yini. A 1903 jihar Virginia ta ba da izini, ranar 2 ga Nuwamba kuma aka buɗe St. Luke Penny Savings Bank, wato bankin ajiyar kwabo-kwabo. Kuɗin da suka shiga a ranar farko sun haura dala 9,000. Ita ce shugaba, akwai kuma mata a cikin hukumar gudanarwa tun daga farko.

Sunan bankin ya nuna waɗanda aka kafa shi dominsu. Kwabon Amurka ɗari ke yin dala ɗaya, kuma ba a raina mai kawo kwabo ba. An raba wa yara ƙananan asusu, in yaro ya tara kwabo ɗari sai ya kawo a buɗe masa littafin ajiya da sunansa. Mai wankau da ɗan dako da malamin makaranta duk sun sami wurin ajiya da wurin neman ƙaramin rance ba tare da wulaƙanci ba. Babban abin da bankin ya sa a gaba shi ne mallakar gida, domin mai haya kullum a hannun mai gida yake. Zuwa 1920 iyalai fiye da 600 sun mallaki gidajensu da rancen wannan banki. Da yayyafi kogi kan cika.

A 1910 aka ga amfanin tsabtar lissafinta. A wannan shekara bankin True Reformers, wanda ya girmi nata ya kuma fi shi suna a Richmond, ya rushe saboda sata da rancen da ba shi da jingina. Jihar ta tsaurara binciken bankuna, ta kuma sa a raba banki da ƙungiyar da ta haife shi. Bankin St. Luke ya bi sabuwar dokar ya tsira, a 1911 ma ya koma sabon gininsa, wanda wani baƙar fata mai zanen gine-gine, Charles Russell, ya tsara.

Kantin da bai yi tsawon rai ba

Ba duk abin da ta taɓa ne ya yi albarka ba, kuma bai kamata mu ɓoye wannan ba. A 1905 ta buɗe babban kanti mai suna St. Luke Emporium a titin Broad, babban titin ciniki na birnin. Ta ɗauki 'yan mata baƙar fata su tsaya a bayan kanta suna sayar da kaya, aikin da kantunan Turawa ba su ba baƙar mace. Nan da nan masu kantuna Turawa suka haɗa kai, suka matsa wa manyan dilolin kaya kada su sayar mata. Abin da ya fi ciwo shi ne yawancin baƙar fata masu abin hannu sun ci gaba da kai kuɗinsu kantunan da ake raina su. Kantin ya yi ta faɗuwa har aka rufe shi a 1911. Maƙiya sun yi nasu, amma rashin cinikin 'yan'uwa shi ya ƙarasa shi.

Gwaji a cikin gida

A watan Yuni na 1915 babban gwaji ya same ta. Ana zargin ɓarawo ya hau rufin gidansu da dare, sai ɗanta Russell ya ɗauki bindiga, ya ga motsin mutum a duhu, ya harba. Ashe mahaifinsa ne. Armstead ya mutu nan take. Aka kama Russell aka tuhume shi da kisan kai, gari ya cika da tsegumi, masu neman kujerarta kuma suka ga dama ta samu. Mu duba halin da wannan mata ta shiga: tana makokin miji, tana tsaye wa ɗa a kotu, tana kuma riƙe da amanar dubban masu ajiya. Kotu ta wanke Russell, amma bai sake samun kansa ba har ya rasu a 1923, shekara ɗaya bayan rasuwar uwarta. Ita kuwa ba ta saki aikin ba, ƙungiyar ma ba ta sake ta ba.

Jikinta ma ya yi ta ba ta wahala. Ta taɓa faɗuwa a matakalar gidanta ta ji rauni a gwiwa, ciwon sukari kuma ya ƙara tsananta abin, har zuwa 1928 ta koma kan keken guragu. Sai ta sa aka yi mata na'urar hawa bene a gida, aka gyara motarta yadda keken zai shiga, ta ci gaba da zuwa ofis da taro.

Ba ta tsaya ga harkar kuɗi kaɗai ba. A 1904 jaridarta ta goyi bayan ƙaurace wa taragun lantarki na cikin gari sa'ad da kamfanin ya ware wa baƙar fata kujerun baya. Ta zauna a hukumar ƙungiyar NAACP mai yaƙi da wariyar launin fata, ta kuma tara wa makarantar 'yan mata ta Janie Porter Barrett gudummawa. Da aka ba matan Amurka ikon jefa ƙuri'a a 1920, ta shiga gaba wajen kai mata baƙar fata su yi rajista, duk da harajin ƙuri'a da sauran shingayen da aka gindaya musu. A 1921 ta tsaya takarar shugabar harkokin ilimi ta jihar Virginia. Ba ta ci ba, amma tsayawar kanta sabon abu ne.

Ƙarshen rayuwarta da abin da ta bari

A ƙarshen 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye, cikin 'yan shekaru dubban bankuna suka rufe. Maggie ta hango cewa ƙananan bankunan baƙar fata na Richmond ba za su tsira a rarrabe ba. Ta jawo aka haɗa bankinta da na Second Street, aka sami Consolidated Bank and Trust Company a 1930, a 1931 kuma wani banki na uku ya shigo. Sunan St. Luke ya fita daga allon banki, amma ajiyar mutane ta tsira. Ta shugabanci hukumar sabon bankin har ranar 15 ga Disamba, 1934, sa'ad da Ubangiji ya kira ta tana da shekara 70. An yi sujadar jana'izarta a majami'ar da aka yi mata baftisma, aka binne ta a maƙabartar Evergreen.

Bankin ya rayu a hannun baƙar fata har 2005, lokacin da wani kamfani ya saye shi. Gidanta da ke unguwar Jackson Ward ya zama wurin tarihi na ƙasa a 1978, akwai makarantar sakandare mai sunanta a Richmond, a 2017 kuma aka kafa mutum-mutuminta a titin Broad, titin da aka taɓa haɗa kai don a kori kantinta. Domin mu gane nisan da ta yi wa zamaninta, mu tuna cewa sai a 1967 mace ta fara mallakar kujera a babbar kasuwar hannun jari ta New York, wato Muriel Siebert, kuma sai a 1974, shekara 40 bayan rasuwar Maggie, Amurka ta yi dokar da ta hana banki ƙin ba mutum rance don kawai mace ce ko don ba ta da miji.

Abin da ya rage mana

'Yan'uwa, ba mamaki a ce ƙungiya mai sunan Luka ce ta fito da irin wannan mace. Luka ne ya rubuta mana a sura ta 8 ta Bishararsa cewa mata irin su Maryamu Magadaliya da Yuwana da Suzana sun ɗauki nauyin hidimar Yesu da almajiransa daga abin hannunsu. Shi ne kuma ya ba mu labarin Lidiya a sura ta 16 ta Ayyukan Manzanni, 'yar kasuwa mai fataucin tufafin shunayya, wadda gidanta ya zama masaukin Bulus da abokansa a Filibi. Mace mai sana'a da riƙon dukiya ba baƙuwa ba ce a cikin jama'ar Allah.

Darasi na farko na dattawan ikilisiya ne. Mun san waɗanda ke cika benci ranar Lahadi, mun san waɗanda ke riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kwabo ya ɓata ba. To, in an zo zaɓen ma'aji ko kwamitin kuɗi ko mai binciken lissafi, a duba aminci da iya aiki, kada a jira sai asusu ya koma dala 31 kafin a tuna da mata. A kuma bar yarinyar da ke da kan lissafi ta yi karatunta, kada aure ya zama ƙarshen sana'arta kamar yadda dokar Richmond ta so ta yi wa Maggie.

Darasi na biyu na iyayenmu mata ne da ke cikin zumunta. Maggie ba ta dogara ga kyakkyawar niyya kaɗai ba. Ta je ta koyi aikin, ta rubuta kowane kwabo, ta buɗe littafinta ga mai bincike, shi ya sa bankinta ya tsaya sa'ad da na maza masu suna ya faɗi. Duk ƙungiyar da ke karɓar kuɗin gwauraye da marayu ta riƙe littafi, ta ba da rasit, ta karanta lissafi a gaban kowa.

Darasi na uku namu ne duka. Kantin St. Luke ya mutu ne domin waɗanda aka buɗe shi dominsu sun wuce ta ƙofarsa sun kai cinikinsu gaba. In 'yar'uwa ta kafa sana'a tana kuma yin ta da gaskiya, mu saya a wurinta, in mun ci bashi mu biya a kan lokaci. Allah ya ba mu aminci a kan ƙaramin abin da aka danƙa mana, ya kuma tashe mana irin Maggie Walker a cikin 'ya'yanmu mata. Amin.